Zomon Daji Ba Shi da Rami

Ina aji huɗu a firamare na tsinci ɗan zomo a gonar kawuna da ke bayan Tumfure a gefen garin Gombe, a zamanin da in ka wuce gidajen ƙarshe ba abin da za ka gani sai dawa da wake har inda ido ya tsaya. Ƙarshen damina ne, muna cirar ciyawa. Na kai hannu gindin wata sabara sai na ji abu mai ɗumi. Yana kwance lamo, duka-duka bai fi cikin tafin hannuna biyu ba, gashinsa launin ƙasar wurin sak, idanunsa a buɗe tar, kunnuwansa a kwance a gadon baya. Bai gudu ba, ko motsi bai yi ba. Na duba gabas na duba yamma ban ga uwa ba, nan take na yanke masa hukuncin maraici, na cire hulata na saka shi.

Kawu ya ɗago daga kunyar da yake, ya ce, "Kai ɗan nan, mayar da shi inda ka ɗauko. Uwarsa ta fi ka sanin inda ta ajiye shi."

Na ce, "To, Kawu." Da ya juya baya na zura shi a aljihu.

A gida muna da zomaye uku a wani kejin katako. Na saka shi cikinsu, na sayo madarar shanu ina ɗura masa da ƙaramin cokali. Kwana uku ya yi. A na huɗu da safe na tarar da shi a sandare a lungun keji, cikinsa a kumbure. Na yi kuka, aka yi mini dariya, aka wuce wurin. Sai da na girma na karanta, na kuma zauna da mafarauta, na gane tun daga ɗaukar har zuwa madarar babu abu ɗaya da na yi daidai.

Kuskuren daga suna ya faro. Bahaushe kalma ɗaya gare shi, zomo. Da ita yake kiran na keji, da ita yake kiran wanda kare ke tasowa a saura. Shi ya sa yawancinmu muke zaton na daji na gida ne da ya ɓalle, ko na gida na daji ne da aka horar. Ko ɗaya babu. Dangi ne kamar yadda akuya da tunkiya suke dangi, amma kowa da gidan ubansa. Ko shekara goma suka yi a keji ɗaya ba za su haihu da juna ba, domin ƙwayoyin gadon da masana ke kira kuromosom 44 ne a jikin na gida, na daji kuwa 48.

Zomon keji baƙo ne a ƙasar nan. Kakansa zomon Sifen da Fotugal ne da kudancin Faransa, mai haƙa ramuka yana zama jama'a-jama'a a ƙarƙashin ƙasa. Turawa suka yi ƙarnoni suna kiwonsa har ya fito fari da baƙi da roɗi-roɗi, daga baya ya iso mana. Na dajinmu kuwa ɗan ƙasa ne. Masana sun sa shi a zuriyar da suke kira Lepus, kuma iri biyu ake samu a wannan yanki na Afirka ta Yamma. Akwai na dajin ciyawa da ƙananan itatuwa irin namu na Gombe da Bauchi da Adamawa, akwai kuma ɗan'uwansa da ya fi son faƙo da rairayi, wanda ake ƙara cin karo da shi in an nausa arewa, Nijar har cikin Sahara. Kamarsu ta kai ko masana wani lokaci sai sun duba tsagin da ke jikin haƙoran gaba kafin su rabe su. Namu yakan yi nauyin kilo ɗaya da rabi zuwa uku. Bayansa ƙasa-ƙasa ne kamar an yayyafa masa toka, cikinsa fari, ƙeyarsa ja-ja, tsinin kunnuwansa baƙi, 'yar wutsiyarsa baƙa ta sama, fara ta ƙasa.

Abin da ya raba shi da na keji tun daga tushe shi ne zomon daji ba ya haƙa rami. Wanda ya ce maka ya sa hayaƙi ya tono zomo, bincika da kyau, gafiya ya tono ko kurege. In karnuka suka matsa masa ya ga uwar bari yakan faɗa tsohon ramin da dabgi ya bari, amma wannan gudun ceton rai ne, ba gida ba. Gidansa duka ɗan wuri ne da yake ƙwaƙulewa da ƙafafun gaba a gindin sabara, ko kalgo, ko cikin duhun gamba, zurfinsa bai kai rabin taƙi ba. Mafarauta makwanci suke ce masa. Na taɓa durƙusawa a kan wani a hanyar Dukku bayan mai shi ya tashi. Ƙasar ta yi sumul da siffar jikinsa, bayan ya ɗan fi zurfi inda cinyoyi ke zama, gaban yana kallon fili, ga 'yan gasusuwa sun maƙale a ciyawa, in ka ɗora hannu za ka ji sauran ɗumi. Ke nan ɗaki, ke nan zaure, ke nan katanga. Kuma ba guda ɗaya yake da shi ba, yana da su da dama a yankin da yake kiwo, yau nan gobe can.

A nan yake wuni shi kaɗai, domin shi ba mai son taro ba ne. Dabararsa ta farko ita ce ƙin motsi. Yana jin takunka tun kana nesa, sai ya ƙara lafewa, ya kwantar da kunne, ya zama tamkar hoge. Sau da yawa manomi yakan wuce shi da taku biyu bai sani ba. Sai ya tabbatar an gan shi, ko ƙafa na shirin taka shi, sannan ya yi tsalle ɗaya da zai sa gabanka ya faɗi. Bahaushe ya ce zomo ba ya kamuwa daga zaune, yana nufin mai nema ya tashi ya motsa. Abin dariyar shi ne shi zomon da zama yake tsira, fiye da yadda yake tsira da gudu.

In kuwa gudun ya kama, an zo wurin. Ƙafafunsa na baya sun fi na gaba tsawo nesa ba kusa ba, in ya miƙe sai su riƙa sauka a gaban na gaba. Duba sawunsa a kan rairayin kwari da sassafe, za ka ga manyan sawu biyu a jere a gaba, ƙanana biyu a baya ɗaya bin ɗaya, wanda bai sani ba sai ya ɗauka baya ya nufa. Zomayen daji sukan kai gudun kilomita 60 zuwa 70 a sa'a, wato gudun mota a titin cikin gari. Ga kuma baƙar dabara: kare na dab da cafke shi sai ya karya kwana, kare ya zarce yana tirjiya, kafin ya juyo an ba shi rata. Wani dattijon mafarauci daga wajen Kwami ya taɓa ce mini, "Malam, in zomo ya tashi kada ka wahalar da kanka. Zagaye zai yi, ya dawo kusa da inda ya tashi. Ba ya son barin dajin da ya sani." Na ce, "Baba, ashe tsayawa ta fi bi." Ya ce, "Yara ke bi, manya tarewa suke yi."

Duk wanda ya taɓa feɗe zomon daji ya san namansa ja ne har yana duhu, na keji kuwa fari kamar ƙirjin kaza. Gudun ne ya jawo haka. Tsokar dabbar da ke dogon gudu cike take da wani sinadari ja mai riƙe iskar da jini ke kawowa, zuciyarta kuma babba ce in aka gwada da jikinta. Na keji da kakanninsa gudunsu gajere ne, taku kaɗan su faɗa rami, ba su buƙatar wannan tanadi.

Idanunsa a gefen kai suke, kuma sun ɗan fito waje, don haka yana ganin gaba da gefe da kusan bayansa ba tare da ya juya wuya ba. Inda ya fi rauni shi ne dab da hancinsa. Maganar cewa zomo ido buɗe yake barci tsohuwa ce, Damiri malamin Misira da ya rasu a 1405 ya kawo ta a littafinsa Hayatul Hayawan, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin gyangyaɗinsa gajere ne, sau da yawa ido a buɗe ko rabi a rufe. Sauran abin da magabata suka faɗa a kansa, wai shekara guda namiji ne shekara guda mace, wai zomanya tana jinin al'ada, bincike bai gaskata ko ɗaya ba. Fitsarin zomo yakan yi ja saboda launin wasu ganyayen da ya ci, mai yiwuwa daga nan zancen jinin ya samo asali. Kunnuwan nan kuma ba don ji kaɗai aka yi su ba. Ɗaga kunnen zomo ka kalli rana ta cikinsa, za ka ga jijiyoyin jini sun bazu kamar saiwa. A zafin Maris da Afrilu na Gombe, lokacin da ma'auni ke taɓa 40, ta nan yake fitar da zafin jiki yana kwance a inuwa, tunda ba ya gumi irin namu.

Idon da ke yi masa aiki a duhu shi ne kuma ke kashe shi. Duk direban da ya saba bin hanyar Bajoga ko ta Dukku da dare ya san yadda zomo ke shiga hasken fitila ya rikice, ya yi ta gudu a gaban mota cikin hasken, ya kasa fita gefe inda duhu yake.

Magariba ke tashinsa. Ciyawa ce abincinsa, ƙiri-ƙiri da harkiya da burburwa da duk wani ɗanyen toho, in rani ya tsananta ya koma ga ɓawon ƙananan itatuwa da saiwoyi da busasshen ganye. Yakan daɗe bai je bakin ruwa ba, ɗanyen ganye da raɓa sun ishe shi. Ba zan wanke shi tas ba: yana ɓarna. Mai wake da mai gyaɗa sun san shi, masu lambun rani a Dadin Kowa sun san abin da yake yi wa latas da karas, wanda ya dasa mangwaro ƙanana ya tarar an ɓare musu ƙafa shi ma ya san shi. Gane aikinsa ba wuya. Akuya fizga take yi ta bar bakin kara a tsattsage, zomo kuwa yanka yake yi a karkace, sumul, kamar an sa reza.

Haƙoransa 28 ne, kuma ba sa daina tsiro har ya mutu, tauna ciyawa mai kaushi ce ke goge su. In ka sami ƙoƙon kan zomo ka leƙa bayan manyan haƙoran sama guda biyu, za ka ga wasu ƙanana biyu a ɓoye kamar turaku. Ɓera da gafiya da kurege ba su da waɗannan, su ne shaidar da masana suka riƙe suka cire zomo daga dangin ɓeraye suka ba shi gidansa daban. Masu ƙyamar naman zomo wai don ɗan'uwan ɓera ne, ga amsarku.

Akwai wata ɗabi'a tasa da mutane ba sa son ji, ni kuwa ita ta fi burge ni. Ciyawa abinci ce mai wuyar narkewa. Saniya da akuya Allah ya ba su tumbi mai ɗakuna, su haɗiye su dawo da shi su yi tuƙa. Zomo ba shi da wannan. Abin da yake da shi wata babbar jaka ce a mahaɗar ƙaramin hanji da babba, inda ƙananan halittun da ido ba ya gani suke dafa ciyawar su fitar da amfaninta. Matsalar ita ce jakar tana can ƙarshen hanya, bayan an wuce wurin da jiki ke tsotse abinci. Sai ya zama kashinsa iri biyu ne. Akwai busasshe mai kama da ƙwallon magarya ƙanana, wanda muke gani a gona, in ka murje shi sai ka ga dusar ciyawa zalla. Akwai kuma mai laushi da yake fitarwa da rana yana makwanci, wanda ba ya bari ya taɓa ƙasa, yana sunkuyawa ya karɓe shi da baki ya haɗiye. Abincin ya sake bin hanji karo na biyu, jiki ya kwashi rabonsa. Tuƙar zomo ke nan. Masu kiwon na keji su lura, shi ma haka yake yi, kuma lafiyarsa ce.

Yanzu mu koma gindin sabarar nan ta bayan Tumfure. Zomanyar keji cikin wata guda take yi, kwana 31 ko kusa da haka, ta haifi 'ya'ya shida ko takwas jajaye, tsirara, makafi, cikin sheƙar da ta shimfiɗa da gashin ƙirjinta. Tana iya yin haka ne domin a asalinsu rami ke tsare su. Ta daji da ba ta da rami sai ta riƙe nata a ciki har wajen mako shida, ta haifi ɗaya ko biyu, wani lokaci uku, a fili, kowanne da gashinsa, idonsa a buɗe, cikin ɗan lokaci yana iya tsalle. Tana iya haihuwa sau da dama a shekara, an fi ganin 'ya'yan lokacin da ciyawa ta wadata.

Daga nan sai ta yi abin da mu a idonmu rashin imani ne: ta tafi ta bar su. Su ma ba sa zama wuri ɗaya, kowanne ya nemi gindin ciyawarsa ya lafe, in dila ko muzurun daji ya sami ɗaya, ɗayan ya tsira. Jikin jaririn kusan ba shi da wari, uwar ce mai wari, don haka zamanta kusa da shi tallata shi ne ga duk mai yawo da hanci. Masana a ƙasar Holan sun yi dare da rana suna gadin zomayen dajin Turai, suka ga uwar sau ɗaya tak take zuwa a kwana, bayan faɗuwar rana da kamar sa'a guda. 'Ya'yan su taru a wurin da aka haife su, ta shayar da su na 'yan mintoci, ta lashe fitsarinsu don kada ya bar wari, ta yi tsalle ta ɓace, su ma su watse. Haka har wajen wata guda, sannan ta yaye su. Shan sau ɗaya yana riƙe su ne saboda nonon kauri gare shi, maiƙonsa ya haura kashi 20 cikin 100, na saniya kuwa 4 ne zuwa 5. Ka ga abin da na ɗura wa nawa: ruwa-ruwan da ba zai ƙosar da shi ba, mai zaƙin da hanjinsa bai saba da shi ba, ga firgicin hannun mutum, ga manyan zomayen da ba su san shi ba. A daren da na kai shi gida uwarsa ta zo gindin sabarar nan, babu ko tantama.

Shaho da gaggafa da rana, mujiya da dare, dila da yanyawa da mesa da karnukan ƙauye, kowa zomo yake nema, shi ya sa da yawa daga 'ya'yan ba sa ganin shekara. Yawan haihuwa ke cike giɓin. Da a ce zomo zai ƙare a daji, da yawa daga waɗannan masu farautarsa kan kajin gida za su juyo.

A Amurka akwai wani zomo na uku da ya tsaya tsakanin na keji da na daji. Sunan da suke kiransa ma'anarsa mai wutsiyar auduga, domin in ya ruga sai ka ga farin bindinsa kamar an tsinko ƙullin auduga an manna masa. Mu da muke da unguwa sukutum mai suna BCGA, gadon ƙungiyar Turawan Ingila masu harkar auduga, ba sai an yi mana dogon bayanin kamar ba. Irinsa da ya fi yawa ana samunsa tun daga kudancin Kanada har Benezuwela. Bai kai namu girma ba, kilo ɗaya da 'yan kai ne, gudunsa kuma wajen kilomita 30 a sa'a. Ta wajen haihuwa ya bi na keji: ciki na kwana 28, 'ya'ya huɗu ko biyar makafi, kusan tsirara. Ta wajen gida kuwa ya bi namu, ba ya haƙa rami, sai ɗan gurbi da uwar ke shimfiɗa wa ciyawa da gashi ta rufe. Ita ma da asuba ko magariba kawai take leƙowa. Don haka kowace bazara ma'aikatan kula da namun daji a can suna fama da mutane irina, masu tsintar sheƙa a tsakar ciyawar gida su kwaso 'ya'yan wai marayu ne. Ashe wautar ba ta Tumfure kaɗai ba ce.

Wannan mai wutsiyar auduga yana da hannu a wani labari da ya girgiza duniyar zomaye. A 1859 wani Bature mai suna Thomas Austin ya saki zomayen Turai 24 a gonarsa a jihar Biktoriya ta Ostireliya don ya riƙa farauta. Cikin shekaru kaɗan suka zama miliyoyi, suka cinye makiyaya, har gwamnati ta ja shingen waya na dubban kilomita tsakanin 1901 da 1907 bai tsare su ba. A 1950 aka sakar musu wata cuta da aka samo daga jikin mai wutsiyar auduga na Kudancin Amurka. Shi ɗan ƙurji kawai take yi masa, su kuwa ta kashe su kamar an sa wuta. Yau kuma a Sifen da Fotugal, gidansa na asali, zomon Turai ya ragu har a 2019 aka sa shi cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. Mai sha'awar sakin zomayen keji a gona su yi ta kansu, ya ji.

Ta wajen tatsuniya ma namu da mai wutsiyar auduga sun haɗu. Mu Gizo muka naɗa sarkin wayo, zomo na biye da shi, amma a wurare da dama na Afirka zomon daji ne gwarzon: Leuk a wajen Wolof na Senegal, Sungura a bakin masu Suwahili, Kalulu a Zambiya da Malawi. Bayin da aka kwashe zuwa Amurka sun tafi da labaransa a ka, da ba su tarar da shi a can ba sai suka ɗora wa mai wutsiyar auduga rawaninsa. Joel Chandler Harris ya tattara irin waɗannan labarai ya buga a 1880, ciki har da na 'yar tsanar da aka shafe da abu mai danƙo aka kama zomo da ita, wanda duk ɗan Hausa zai tuna da Gizo da budurwar danƙo. Yadda zomon ya kuɓuta a labarin shi ne ya yi ta roƙo a yi masa kowace irin azaba amma kada a jefa shi cikin sarƙaƙiyar ƙaya, aka jefa shi, ya yi dariya ya shige, domin nan ne gidansu. Wanda ya ƙirƙiro wannan ya san zomo. Namu ma sun san shi da suka ce zomo ba bawan giwa ba ne, daji suka tara.

Cin namansa halal ne a mazhabobi huɗu. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, ya kamo zomo a Marruz Zahran kusa da Makka, Abu Ɗalha ya yanka, ya aika wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da cinyoyinsa, ya kuma karɓa. Saboda haka ba ni da ja da farauta. Farautar da muka tashi muka gani ta bayan kaka ce, an kawar da amfanin gona, a fita da rana da karnuka da gora da kere, Sarkin Baka da manya na gaba, a taso zomo goma a kama uku. Har rigimar wa ya buge wa ya ɗauka tana da shari'arta, kuma daga irin wannan fage ne aka samo cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Wannan farauta ta yi ɗaruruwan shekaru ba ta ƙarar da shi ba, domin tana ba shi damar yin abin da ya iya, ya ɓuya ko ya gudu.

Abin da ke damuna daban ne. Da aka ƙirƙiro Jihar Gombe ranar 1 ga Oktoba 1996, garin ya buɗe baki ya haɗiye gonakin da ke kewaye da shi. Gonar kawuna yau gidaje ne da shaguna, haka bayan Liji, haka hanyar Bauchi, haka hanyar Kumo. Wannan ba laifin kowa ba ne, mutum dole ya sami wurin kwana, kuma a faɗin Afirka zomon dajin ciyawa bai shiga jerin dabbobin da ke dab da ƙarewa ba. Amma ko a gonakin da suka rage an canza hali. Da can iyakar gona gamba ce da sabara da kalgo, layi guda da ba a nomewa. Yanzu ana nome har bakin ta maƙwabci, abin da garma ta bari maganin feshi ya ƙone shi, masu itace da gawayi su tone kututturen. Dabbar da gidanta gindin ciyawa ne, in ka share ciyawar ka rushe mata gida ko ba ka taɓa ganinta ba.

Sai wuta. A yi adalci, ba kowace wuta ce ke cutar da shi ba, domin tohon da ke fitowa bayan ƙunar farkon rani abincinsa ne, mafarauta ma a irin wuraren suke dakonsa. Mugunyar ita ce wadda ake cinnawa daji ya bushe ƙayau, a kewaye shi ta ko'ina don a kori ɓera da zomo. Babba yakan tsallake. Jariri kuwa abin da aka halicce shi da shi shi ne in ya ji haɗari ya lafe, sai ya lafe wuta ta bi ta kansa. Wanda ya tsira kuma ya wayi gari a fili baƙi ƙirin, shaho na gani daga sama. Ƙara da masu fitilar goshi da bindiga, da masu bin zomo da hasken babur, waɗanda ba ruwansu da damina ko rani, ba sa tambayar mai ciki ko mai shayarwa. Zomanya ɗaya da aka harbe a watan Agusta, a lissafa har da biyun da za su taru a gindin ciyawa da magariba su jira ta.

Kuma ciyawar nan da zomo ke kwana a gindinta ita ce ke riƙe ƙasa. Mutanen Gombe ba sa buƙatar a yi musu wa'azin zaizayar ƙasa, kwarurrukan da suka tsaga unguwanni suna cin gidaje duk damina sun isa wa'azi. Shirin dashen itatuwa na 3G da gwamnatin jiha ta fara a 2019 abu ne mai kyau, sai dai itace kaɗai ba ya yin daji. Ƙasan itacen ma yana son sutura, kuma gamba da sabara ba sa neman a saye su ko a yi musu ban ruwa, a ƙyale su kawai suke so.

Roƙona ga manomi, ya bar taku biyu a iyakar gonarsa kada garma ko feshi su taɓa. Ga shugabannin mafarauta, su da ake jin maganarsu, su hana fita da fitila daga saukar ruwa har a kawar da amfani. Kai kuma da za ka kai yara gona bana, in ɗayansu ya zo maka da ɗan zomo a hula yana murna, kada ka tsaya a faɗa kamar yadda Kawu ya tsaya. Kama hannunsa ku koma tare, ya ajiye shi a daidai gindin da ya ɗauko, ku ja kare ku bar wurin kafin magariba, sannan ka laluba aljihunsa.